Ngozi da Baba Bukar a Ɗakin Duba Aiki

Duk shekara idan aka turo mini sababbin masu neman zama sufabaiza, wato masu duba aikin 'yan'uwansu masana halayyar ɗan'adam, kallo ɗaya nake yi musu in karanta abin da ke ransu. Gani suke yi wahala ta ƙare. Sun gama da sauraron kukan mutane da labarin rashin barci, yanzu sai su harɗe a kujera, ƙananan ma'aikata su riƙa kawo musu bayani, su kuma suna gyaɗa kai suna sa hannu. Ku ma da kuke gabana yau haka fuskokinku suke, kada wanda ya musa mini. To bari in ba ku labarin Ngozi da Baba Bukar. Su biyun sun yarda in riƙa ba masu koyo shi, amma kada wani ya fita da shi ya kai Sabon Gari.

Ku fara sanin wurin tukuna. Cibiyarmu tana saman wani bene a Fagge cikin Kano, ƙasanmu shagunan atamfa da shadda ne, idan ka leƙa ta taga kana hango cunkoson mahaɗar Bata. Daga safe har yamma hon ɗin 'yan adaidaita sahu ba ya yankewa. Mutanen unguwa ba su taɓa kula sunan da muka rubuta a allo ba, su dai "benen masu surutu" suke cewa, wai an shiga an fito ba allura ba ƙwaya. Masu zuwa wurinmu ba ma ce musu marasa lafiya, baƙi muke ce musu. Akwai ɗan kasuwar Kwari da gabansa ke faɗuwa duk lokacin da waya ta yi ƙara, akwai matar da ta haihu ta rasa gane kanta, akwai ɗalibin da komai ke gudu daga kansa ranar jarrabawa.

Kayan aikinmu kuwa adaidaita ɗaya za ta kwashe su har da sauran wuri. Kujeru biyu iri ɗaya, kada wata ta fi wata tsayi, a ajiye su a ɗan karkace, don mutumin Kano ba ya buɗe maka cikinsa idan ka tsura masa ido. Agogo a bayan baƙo, yadda za ka ga lokaci ba sai ka duba hannunka ba. Kwalin tishu a inda hannu zai kai ba tare da an roƙa ba. Ƙaramar rediyo a bakin ƙofa ta waje, kullum a kunne, ba don nishaɗi ba, don kada mai jiran layi ya ji abin da ake faɗa a ciki. Sai kujera ta uku a kusurwa. Wannan ita ce tawa a wancan lokacin, ta mai horar da masu duba aiki, kuma ta fi kowace wuyar zama, domin kana gani kana ji amma ba ka da ikon tsoma baki.

Wanda ya duba aikina ina sabuwar hannu wani dattijo ne mai rowar magana. Zamanin kaset ne. Da izinin baƙo zan ɗauki zamanmu in kai masa, ya kunna, ya lumshe ido kamar mai gyangyaɗi. Can sai ka ji ƙas, ya tsayar. "Me ya sa kika yi wannan tambayar? Don shi kika yi ta, ko don ke?" Daga nan ya ja bakinsa ya bar ni ina gumi. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai kuma taɓa barin wani abu ya wuce don yana jin nauyina ba. A hannunsa na gane duba aiki ba kamun ɓarawo ba ne, ba kuma lallashi ba ne. Da ma'aikaci kake zaune, amma wanda kake karewa shi ne baƙon da ba ya cikin ɗakin.

Shekarar da gobara ta ci wani ɓangare na kasuwa ce ta nuna mana amfanin abin. 'Yan kasuwa suka yi ta hawowa benen nan, manyan mutane masu iyali, wasu ko magana ba sa iya yi sai kallon bango. Matasan ma'aikatanmu suka yi ta ɗauka suna haɗiyewa, ni kaɗai ce mai shaidar duba aiki, ban isa in zauna da kowa yadda ya kamata ba. Wani haziƙi a cikinsu ya wayi gari ya ajiye mana mukulli. Yanzu waya yake sayarwa, idan na bi ta shagonsa har caja yake ba ni kyauta, amma har gobe ina jin ciwon rashinsa. Tun daga shekarar na ƙudura ba zan sauka daga benen nan ba sai na horar da wadda za ta gaje ni.

Kun san ƙa'idar, tunda ita ta kawo ku. Ba a zama mai duba aiki don an daɗe a sana'a. Sai ka yi kwas, sannan a ba ka ma'aikaci ka riƙa duba aikinsa ni kuma ina duba naka, daga ƙarshe kwamitin tantancewa ya turo mutane su zauna su ga yadda kake yi da idonsu. In sun gamsu su ba ka shaida, in ba su gamsu ba ka jira zagaye na gaba. Mu kuwa ba mu da zagaye na gaba. Ritayata ta ƙarato, cibiyar da ba ta da mai shaida jami'a ba ta turo mata ɗalibai, ƙananan ma'aikata kuma ba su da ikon ganin baƙi. Wadda na zaɓa ta gaje ni ita ce Ngozi, in ta faɗi sai dai mu rufe benen a mayar da shi ma'ajiyar atamfa.

Ban taɓa zaton za ta ba ni ciwon kai ba. Haifaffiyar Sabon Gari ce, mahaifinta Oga Emeka yana da shagon kayan famfo a kasuwa, Hausarta kuwa ta fi ta wasunku. A aji ba ta da na biyu. Ba ta da tsoro kuma, don na taɓa ganin ta tsayar da ɗan adaidaita a tsakiyar Bata tana yi masa lacca a kan gudu, har ya ba ta haƙuri.

Matsalar ta fito daga wanda aka ba ta ta duba. Baba Bukar ɗan asalin Barno ne, amma iyayensa tun tuni suka zauna a Fagge. Hedimasta ne har ya yi ritaya, sannan ya koma jami'a da furfurarsa ya karanci aikinmu, wai ya gaji da buga tebur yana so ya koyi saurare. Don haka a shekaru shi ne babbanmu, a sana'a shi ne auta. Kuma aminin Oga Emeka ne tun suna samari. Shi ya laƙaba wa Ngozi suna Ladi saboda ranar Lahadi aka haife ta, shi ya riƙe hannunta ya kai ta firamare. Littafi ya ce kada ka duba aikin wanda ka sani, amma wanda ya rubuta littafin bai taɓa zama a Fagge ba, inda kowa surukin wani ne. Na kai maganar gaban kwamiti, suka ce tunda babu wani a yi hakan, amma daidai nan za su fi sa ido.

Zaman farko da na kalla daga kujera ta uku, dariya ta kusa kashe ni. Yana shigowa ta miƙe ta rusuna ta karɓi jakarsa. Aka shiga gaisuwa: ita tana tambayar matarsa Inna da jikoki, shi yana tambayar ƙafar Papanta, ya aka ji da zafi. Kafin a taɓo maganar aiki agogo ya yi nisa. Da aka taɓo, duk abin da ya faɗa amsa ɗaya ce: "Haka ne, Baba." Shi kuma ya saki jiki yana ba da labari kamar a taron iyayen yara. Na yi mata magana, ta ce za ta gyara. Gaisuwar ta ragu kaɗan, "haka ne Baba" tana nan daram.

Muna cikin haka ta kawo mini wani zama da ta ɗauka a waya, ana saura kwanaki kaɗan kwamiti ya zo. Baba Bukar yana da baƙo, wani saurayi da ke tsaron shagon yayansa a Kwari. Ba ya barci, ya rame, kuma a ɗakin nan ya faɗi abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba: ba ya son kasuwa, ɗinki yake so ya koya, amma yana tsoron yayan da ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu. Sai ga muryar Baba Bukar a wayar, cike da jin daɗi:

"Ai Ladi, Allah ya kawo abin da sauƙi. Ashe yayan nasa ɗalibina ne a firamare. Shekaranjiya na biya ta shagonsa. Ban fa faɗa masa komai ba, cewa kawai na yi ya riƙa sassauta wa yaron nan, ya tambaye shi abin da yake so."

Sai na ji muryar magajiyata ƙasa-ƙasa: "Allah ya saka da alheri, Baba."

Ku lura, a Fagge abin da Baba Bukar ya yi shi ne dattijantaka. Babba ya ji damuwar yaro, ya taka ya je ya gyara tsakani, kowa sa masa albarka zai yi. A benenmu kuwa babu laifin da ya fi shi. Saurayin bai zo zamansa na gaba ba, ya kuma daina ɗaukar waya. Na tsayar da muryar kamar yadda malamina ke yi, na kalle ta.

"Hajiya, wallahi na ji," in ji Ngozi. "Tun a lokacin na san kuskure ne."

"To me ya hana ki magana?"

"Hajiya, mutumin nan shi ya sa ni a makaranta. Ta ina zan fara? Ko Papa ban taɓa jin ya ce masa ka yi kuskure ba."

"Papanki ba shi ke duba aikinsa ba, ke ce. Yaron Kwari kuma wa zai tsaya masa? Maganar nan ba ta jira. In ranar da kwamiti ya zo kin kasa faɗa, ni zan tashi daga kujerata in faɗa a gabansu, kin kuma san in na tashi, kin faɗi ke nan."

Ta ce a ba ta dama, za ta same shi a gida ta yi masa maganar cikin sirri. Ban hana ta ba, don na san abin da zai faru. Washegari ta shigo ofis da kula cike da burabusko da ƙullin turaren wuta daga Inna, matar Baba Bukar. Na ce, "Kin faɗa?" Ta sunkuyar da kai. Na ce, "To miƙo cokali, kada a yi asara biyu." Muka ci, ga daɗi, amma gaskiya hankalina a tashe yake.

Ranar tantancewa mutum biyu suka zo, wani farfesa mai tabarau a ƙarshen hanci, da wata mata da tun shigowarta ba ta ga abin murmushi ba. Aka ƙaro musu kujeru kusa da tawa. Baba Bukar ya shigo da babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ngozi ta gaishe shi a tsaye, ta bar masa jakarsa a hannu. Ya ɗan kalle ta, ya ajiye da kansa.

"Baba, yau canjin kujera za mu yi," ta ce.

Canjin kujera dabara ce da za ku koya a kwas ɗin nan: a sa ma'aikaci ya zauna a mazaunin baƙo, ya ɗanɗani yadda ake ji a wurin. Ta roƙe shi ya faɗi wata 'yar damuwa tasa ta gaske, wadda ba zai damu mutanen ɗakin su ji ba, amma bai faɗa a gida ba. Ya yi dariya, ya gyara hula, ya koma ɗaya kujerar.

"To Ladi, tunda kin tambaya. Likita ya hana ni sukari. Innarki ta kafa doka, shayi ma lami ake ba ni. Amma kullum in na sauka a Bata sai na raɓa wurin mai shayi ya haɗa mini mai kauri, madara da sukari yadda ya kamata. Ina sha ina jin daɗi, ina kuma jin tsoro. Na rasa yadda zan daina."

Ta saurare shi yadda ake so, ba ta katse shi ba, ta tambaye shi wanne ne ya fi yawa, daɗin ko tsoron. Ya saki jiki sosai. Can sai ta sa hannu a jaka ta ɗauko waya.

"Bari in kira Inna."

Ban taɓa ganin dattijo ya zabura haka ba, har hannun rigarsa ya zame daga kafaɗa. "Ke Ladi! Ajiye wayar nan!"

"Baba, don lafiyarka ne. Ba zan faɗa mata komai ba. Cewa kawai zan yi ta riƙa lura da kai in za ka bi ta Bata."

"Ai kin gama faɗa mata ke nan! Ke na faɗa wa, ba ita ba. In kika kira ta, wallahi ba zan ƙara buɗe baki a gabanki..."

Bai ƙarasa ba. Ya tsaya da baki a buɗe, sannan ya koma ya zauna a hankali. Rediyon bakin ƙofa tana ta tallar sabulu.

A nan ne da yawanku za su tsaya, su ce ai ya gane, an wuce wurin ba a ɓata da kowa ba. Haka muka saba, a yi wa babba hannunka-mai-sanda a bar shi da mutuncinsa. Amma kwamiti ba wayo ya zo gani ba. Kuskuren da ba a kira sunansa ba, gobe mai shi zai ce bai tabbata abin da ake nufi ba. Farfesa ya ajiye biro yana jira. Ni kuwa na riƙe hannun kujerata gam, ƙafata ɗaya ta riga ta shirya tashi, ina roƙon Allah kada ya sa in yi amfani da ita.

Ngozi ta kifa wayar a kan tebur, ta ɗago ta kalle shi.

"Malam Bukar, zuwan da ka yi Kwari kuskure ne. Ka fitar da sirrin baƙo. Na san don alheri ka yi, amma ba ka da ikon yin hakan sai da yardarsa, kuma ina ganin shi ya sa bai dawo ba. Tun ranar ya kamata in faɗa maka, nauyinka ya hana ni."

Wannan karon ba ta sunkuyar da kai ba. Baba Bukar ya cire hula, ya shafa furfurarsa, ya mayar. Da ya buɗe baki, ba Ladi ya ce ba.

"Malama, to yanzu me ya kamata in yi?"

Na saki hannun kujerar. Sauran zaman aiki ne tsantsa. Suka tsara cewa ba zai sake taka shagon ba, ko da don ba da haƙuri ne. Saƙo zai tura wa saurayin ta lambar da shi ya bayar, ya amsa laifinsa ba tare da kwana-kwana ba, ya ba shi zaɓin ganin wani ma'aikacin in ya fi so. Bayan ɗan lokaci saurayin ya dawo, ya amayar wa Baba Bukar duk abin da ke cikinsa, tsohon hedimasta ya zauna ya shanye bai kare kansa ba. Daga ƙarshe yaron ya ce shi dai da Baban zai ci gaba.

A ranar tantancewar dai, da Baba Bukar ya fita, matar nan marar murmushi ta juyo ga Ngozi. "Da bai hana ki ba, da kin kira matar tasa?"

Ngozi ta ɗaga wayar ta nuna mata. "A kashe take tun safe."

Matar ta yi ƙoƙarin dannewa, abin ya fi ƙarfinta, ta tuntsire da dariya har tana neman tishu. Da muka leƙa baranda kuma sai ga Ngozi ta bi Baba Bukar da gudu ta karɓi jakarsa, ta raka shi har ƙasa ta tsayar masa da adaidaita. Farfesa ya kalli abin ta saman tabarau, ya ce mini wannan ba ruwan kwamiti, a waje aka yi.

Da shaidar ta fito, Oga Emeka ya kafa rumfa a ƙofar gidansa a Sabon Gari ranar Lahadi bayan an taso daga coci. Ga jalof, ga farfesu, Inna ta zo da burabuskonta, maƙwabta sun cika layin. Ina zaune kusa da aminan biyu, sai na ji Oga Emeka ya matso da kujerarsa.

"Bukar, zo nan. Na ji an ce kai aka sa a gabanta ranar jarrabawar. Kuma tun daga ranar Malama kake ce mata. Me yarinyar nan ta yi maka a ɗakin?"

Na ajiye cokalina. Mutanen nan tun suna samari babu abin da ɗaya ya taɓa ɓoye wa ɗaya, kuma Baba Bukar mutum ne da labari ba ya kwana a cikinsa. Ga shi labarin mai daɗin bayarwa, ga uban yarinya yana jira ya yi alfahari. Na ga bakinsa ya motsa. Ya kalli Ngozi can tana raba lemo, ya kalle ni, sannan ya dafa gwiwar amininsa.

"Emeka, abin da aka faɗa a ɗakin nan, a ɗakin yake zama."

"Haba Bukar! Ni ne fa!"

"Na sani. Miƙo mini ruwa, ban da lemo."

A makon da ya biyo baya na miƙa wa Ngozi mukullin benen, na sauko da zuciyata wasai. Ita ce ke kan kujera ta uku yanzu, kuma ita za ta zauna a kusurwa ranar da kowannenku zai faɗa wa wani abin da ba ya son ji. Oga Emeka kuwa har yau duk inda muka haɗu sai ya ja ni gefe ya tambaye ni, har yau kuma bai sani ba. In kun je sayen kan famfo a shagonsa, ku gaishe shi, ku saya, ku fito.